Babi na Biyar: Uwa da Riba a Kogin Haɗeja

Duk wanda ya bi titin Zariya daga Kano a tsakiyar rani, da ya haye gadar Tamburawa ya doshi Kura, zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba a irin wannan lokaci na shekara. Ƙasar da a da takan yi fari fat, ba komai sai tushiyar kara da ƙura, ga ta kore shar iya ganin ido. Shinkafa a nan, alkama a can, ga albasa, ga masara. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir ne jere ana lodawa a manyan motoci zuwa kudu. Cikin garin Kura injinan casar shinkafa ba sa hutawa, mata na turara, samari na dako, dillalai na ciniki. Matashin da a zamanin mahaifinsa da an gama girbi sai ya ɗauki sanda da buhu ya tafi cin rani, yau yana gida yana ban ruwa, ya yi aure, ya sayi babur, ya kafa rufin kwano.

Wannan ruwa daga Tiga yake zuwa. Gwamnan Kano na farko, Audu Baƙo, shi ya sa aka datse kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, aka tara ruwan da ya kusa lita tiriliyan 2 a wuri guda. Aikin ya zo daidai da babban farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu a faɗin yankin Sahel, ya kuma zo daidai da lokacin da kuɗin man fetur ya fara kwararowa. Yunwa na ƙofa, kuɗi na aljihu, ga ruwa yana wucewa gabas kowace damina. Babu shugaba mai kishin jama'arsa da zai ga haka ya naɗe hannu. Aka shimfiɗa hanyoyin ruwa na kankare zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan a 1992 aka kammala dam na biyu a kan kogin Chalawa, a ƙasar Ƙaraye. Birnin Kano kansa, da miliyoyin bakunan da ke cikinsa, da wannan ruwa ya dogara.

Na fara da wannan ne domin kada mai karatu ya ɗauka cewa ina cikin masu ganin kowane ci gaba a matsayin musiba. Arzikin da Tiga ta kawo na gaske ne, ana ganin sa, ana cin sa. Abin da nake so mu yi a wannan babi shi ne mu bi ruwan nan zuwa inda yake zuwa a da, mu tambayi wa yake amfani da shi kafin a tare shi. Masu tsara aikin sun ɗauka cewa ruwan da ya wuce Wudil ya tafi a banza. A nan kuskuren yake, kuma shi ne kuskuren da ake maimaitawa kusan duk inda ake maganar bunƙasar tattalin arziki da lalacewar muhalli.

Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogi ɗaya, wanda ake kira kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya faɗa wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan yashi, irin jigayin da jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare su. A nan kogin yakan rasa hanya ɗaya tak da zai bi, sai ya rarrabu tsakanin tuddan, wani reshe ya nufi tafkin Nguru ta Marma, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyar kogin Haɗeja. Daga kudu kuma kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos, shi ma ya bazu. Sai a kusa da Gashuwa suke sake tattaruwa su zama kogin Yobe, wanda yake bi ta Gaidam, ya raba Najeriya da Nijar a yankin Diffa, ya ƙare a Tafkin Chadi.

A yau kalmar ambaliya ba ta zuwa sai da labarin rushewar gidaje. Mutanen wannan fadama kuwa, Hausawa da Badawa da Barebari da Mangawa da Fulani, jiran kogi ya kawo suke yi kamar yadda manomin tudu yake jiran hadari. Da ruwan sama na farko suke shuka shinkafa a busasshiyar fadama. Wajen watan Agusta kogi ya kawo, ruwa ya malala a hankali, shinkafar tana tashi tana bin sa. Kifi ya bar cikin kogi ya bazu cikin ciyayi ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a ruwa mai ɗumi da abinci. Da kaka ruwa ya fara janyewa, masunta su tare bakin ƙoramu, tarwaɗa da karfasa da gargaza su cika kwale-kwale, hayaƙin banda ya tashi a kowane ƙauye. Inda ruwa ya janye ya bar laka mai danshi, manomi ya bi shi da wake da kankana, ba taki, ba injin ban ruwa, ba ko sisin mai. Bayan an cire wannan, Fulani su iso da shanu su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da ko'ina ya bushe, su bar wa ƙasa kashin shanu. Fili ɗaya, mutum uku ko huɗu sun ci abinci a kansa cikin shekara, kowa da lokacinsa, kuma kowa ya san lokacin ɗan'uwansa.

Wannan shi ne abin da ido ke gani. Akwai kuma wanda ba ya gani. Ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku a kan fadama yana tsatsafawa ƙasa, shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin, waɗanda mutanensu ba su taɓa shiga kwale-kwale ba. Shi ke riƙe da kurmin goruba da ake yankar kaba ana saƙa tabarma da igiya da faifai, shi ke riƙe da itatuwan da ake girki da su. Har tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai, bayan sun ƙetare Sahara, a nan suke sauka, a Dagona da Baturiya da tafkin Nguru, abin da ya sa aka saka tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci a shekarar 2000. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan wannan fadama sun haura miliyan ɗaya.

A shekarun 1960 zuwa farkon 1970, ruwa yakan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekara mai kyau. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 abin ya dawo tsakanin hekta 70,000 da 100,000. Ba dam kaɗai ya jawo haka ba, farin 1983 da 1984 ya yi nasa ɓarnar, damina ma ta yi ƙaranci shekaru da dama. Sai dai fari yakan zo ya wuce, dam kuwa yana nan kowace shekara. A ɗaya gefen, filin da aka iya gyarawa domin noman rani a Kadawa da kewayenta a wancan lokaci bai wuce hekta 15,000 ba, cikin 22,000 da aka tsara a kashin farko. A ajiye waɗannan lambobi kusa da juna a dube su da kyau.

Ragin ruwa rabin labarin ne. Ɗaya rabin ya fi ban mamaki, domin masifa ce da ta zo ta hanyar yawan ruwa a lokacin da ba nasa ba. A da kogin Haɗeja yakan kawo da damina, ya ƙafe da rani har yara su yi wasa a yashinsa. Wannan ƙafewa ita ce wankan kogin: rana ta ƙone ciyayin da suka tsiro a cikinsa, dabbobi su tattake, sabon ruwa ya zo da ƙarfi ya share hanya. Da aka gina dam sai aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda masu noman rani da masu shan famfo. Babban ruwan damina ya ragu, ƙafewar rani ta ɓace, aka bar kogi da ruwa marar zurfi wanda ba ya gudu sosai kuma ba ya bushewa, ga shi ɗauke da ragowar takin zamani daga gonakin sama. Babu abin da ciyawar kacala take so a duniya kamar wannan.

Wanda bai taɓa ganin dajin kacala ba zai yi wuya ya gane girman abin. Takan fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, ta yi cunkus yadda kwale-kwale ba ya ratsawa, saiwarta ta kama laka har hanyar ruwa ta cike. Ruwa kuwa ba ya tsayawa don an toshe masa hanya, sai ya nemi wata. Ta haka mafi yawan ruwan Haɗeja ya karkata ta Marma zuwa Nguru ya kwanta dindindin a kan gonakin da a da ake nomawa, yayin da garuruwan da ke bakin Burum Gana suka wayi gari kogin ƙofar gidansu ya zama rairayi. Wasu ruwa ya cinye su, wasu ƙishirwa, a kan kogi ɗaya. Cikin kacalar tsuntsayen jan-baki suke kwana su hayayyafa, da asuba su tashi kamar hadari su sauka a gonar shinkafa ko gero, manomi da 'ya'yansa su wuni suna ihu da kaɗa gwangwani. Sauro ya samu gida, katantanwar da ke yaɗa tsargiya ta samu gida, shanu na kamuwa da tsutsar hanta. Mutanen Guri da Kirikasamma da maƙwabtansu sun shafe shekaru suna aikin gayya, ruwa iya ƙirji, adda a hannu, suna saran ciyawar da kafin wata damina ta dawo. Idan kuma aka yi shekara mai ruwa da yawa irin 2022, hanyoyin da suka toshe ba sa iya ɗauke shi, sai ya afka cikin garuruwa.

To me ya sa duk wannan bai fito a lissafin gwamnati ba? Amsar tana cikin yadda ake auna arzikin ƙasa. Ma'aunin da ake kira GDP yana tattara darajar kaya da ayyukan da aka samar cikin shekara, kuma ya fi ganin abin da ya bi ta kasuwa aka sa masa farashi. Tumatirin Kadawa yana hawa mota, ana biyan kuɗin lodi, ana karɓar haraji a hanya, kowa ya shaida. Kifin da masunci ya kai gida aka yi miya, da itacen da matarsa ta ɗebo, da ciyawar da saniya ta ci, da ruwan da ya taru a rijiya, waɗannan da wuya su shiga littafi, in ma sun shiga to da ƙiyasi ne na sama-sama. Abin da ba a rubuta samuwarsa ba, ba za a rubuta rashinsa ba. Wani abin takaicin kuma, kuɗin da ake kashewa wajen feshin jan-baki da jirgin sama, da sayen injinan yashe kogi, da maganin zazzaɓin da sauro ya kawo, duk ana tara su ne a gefen ƙaruwa. Simon Kuznets, masanin da ya tsara wa Amurka wannan lissafi a 1934, tun a lokacin ya ja kunnen majalisar ƙasarsu cewa jin daɗin al'umma ba abu ne da za a karanto daga wannan adadi ba.

Ɗan kasuwar Kwari ko Kurmi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san bambancin uwa da riba. Ya san yaron shagon da yake ganin aljihunsa cike kullum alhali kaya na raguwa a kanta, ya san cewa ranar lissafi za ta nuna uwar kuɗin yake ci. Fadama, da kurmi, da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da lafiyar ƙasar noma, su ne uwar kuɗin al'umma. Lissafin ƙasa yana ƙirga abin da aka cira daga jikinsu a matsayin riba, ba ya rage komai saboda raguwarsu.

An taɓa zama an yi wa wannan kogi lissafi na gaskiya. A 1987 aka kafa wani shiri na kare dausayin Haɗeja da Nguru, kuma a ƙarƙashinsa masana irin su Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka bi ƙauyuka suna auna abin da fadama ke bayarwa. Abu uku kawai suka ƙirga, wato noma da kamun kifi da itacen girki. Ba su sa kiwo ba, ba su sa ruwan rijiya ba. Duk da haka, da suka raba ribar a kan yawan ruwan da aka yi amfani da shi, sai ta nuna cewa kowace lita miliyan ɗaya da aka bari ta malala a fadama tana haifar da abin da ya ninka na aikin noman rani na Kano fiye da sau ɗari. Dalilin a fili yake: noman kanal yana shan ruwa mai yawa, wani ya tsiyaye, wani rana ta shanye shi tun yana cikin dam, ga kuɗin taki da gyaran hanyoyi da albashin ma'aikata, fadama kuwa kogi ne ke yi mata komai kyauta. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka sake lissafin a kan dukkan madatsun da aka gina da waɗanda ake shirin ginawa, suka samu cewa ƙarin amfanin da za a samu a sama ba zai maye ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da za a yi a gangare ba.

Akwai amsar da aka saba bayarwa idan an kawo irin wannan magana, kuma ba amsar jahilai ba ce, don haka ya kamata a saurare ta. Cewa ake yi talaka ba ya zaɓen abinci. Kowace ƙasa da ta ci gaba sai da ta ɓata ruwanta da iskarta tukuna, da ta yi kuɗi sai ta dawo ta gyara. Masana biyu na jami'ar Princeton, Gene Grossman da Alan Krueger, sun ba wannan ra'ayi ƙafar tsayawa a 1991, lokacin da ake muhawara kan yarjejeniyar ciniki tsakanin Amurka da Kanada da Meziko. Sun duba bayanan birane da yawa suka ga cewa wasu nau'o'in ƙazantar iska suna ƙaruwa yayin da ƙasa ta fara samun kuɗi, su kai ƙololuwa, sannan su fara sauka, kamar mai hawa tudu ya gangara. A wani aikin nasu na 1995 sun ce yawanci juyin yakan zo kafin kuɗin shigar kowane mutum ya kai dala 8,000 a shekara. Tarihi ma yana da shaidu. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan kwana biyar, aka ƙirga mutum 4,000 da suka mutu nan take, daga baya bincike ya kai adadin kusan 12,000. A 1956 aka yi dokar tsabtace iska, yau wannan hayaƙi sai a littafin tarihi. Kogin Thames da aka ce ya mutu a 1957, kifi ya dawo cikinsa. Sin ma, bayan ta shelanta yaƙi da gurɓatar iska a 2014, ta rage ƙurar hayaƙin biranenta ƙwarai cikin 'yan shekaru.

Na yarda da waɗannan shaidu, amma ina ganin ana karanta su a karkace. Kuɗi bai taɓa tashi da kansa ya share iska ba. Abin da ya faru a Landan shi ne hayaƙin bai san gidan mai kuɗi da na talaka ba, ya shiga huhun ɗan majalisa kamar yadda ya shiga na lebura. Kusan shekara ɗari kafin haka, a bazarar 1858, warin kogin Thames ne ya addabi 'yan majalisa a cikin zaurensu da ke bakin kogin, cikin 'yan makonni suka amince da kuɗin gina manyan magudanan ƙazanta. Wanda ke da ikon gyara shi ne wanda abin ya dama. Kogi irin namu kuwa gefe ɗaya yake gudu. Wanda ke sama ba ya jin warin abin da ya zubar, ba ya ganin rijiyar da ta ƙafe saboda abin da ya tare. Masu yanke shawara suna Kano da Abuja, masu saran kacala suna Guri. Ko da arzikin Kano ya ninka sau goma, babu wani abu a cikin wannan arziki da zai tilasta a tuna da Gashuwa. Balle ma kuɗin shigar ɗan Najeriya, a shekarar da ya fi kowace kyau, bai kai dala 4,000 ba. Idan sai an kai 8,000 za a waiwayi fadama, sai a tambaya ko za a tarar da ita.

Wani ɓangare na tsabtar ƙasashen da suka ci gaba kuma ƙaura ce ƙazantar ta yi, kuma Kano ta san wannan a jikinta. Jima tsohuwar sana'a ce a nan. Fatar jan akuyar Sakkwato da majeman Kano suka gyara ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Majemin gargajiya da bagaruwa da toka da kashin tattabara yake aiki, wurin yana da wari, amma duk abin da ya zubar ƙasa tana iya cinye shi. Kamfanin fata na zamani da sinadarin kuromiyam yake jima, abin da ke ɗaukar makonni ya gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan mataki na farko, mai shan ruwa da fitar da dafi, shi ne aka bar wa garuruwa irin su Kano da Kanpur ta Indiya da Dhaka ta Bangaladash. Fatar takan tafi Italiya da Sifaniya a gama ta, a ɗinka jaka da takalmi masu tsada. Ruwan jimar kuwa yana nan: na Bompai ya bi rafin Getsi ya shiga Jakara har dam ɗin Wasai, na Sharaɗa ya bi Salanta, na rukunin masana'antun Chalawa ya faɗa kogin kai tsaye, sama da inda ake ɗibar ruwan sha a Tamburawa. Masu lambu a bakin Jakara da wannan ruwa suke shayar da latas da alayyafo da kabeji, kuma binciken jami'o'inmu ya sha samun ƙarafa masu guba a cikin ƙasar da ganyen. Kuromiyam ba ya ruɓewa, kwanciya yake a laka ya jira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokoki kam akwai su: bayan an gano sharar guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988 an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, a 1992 aka yi dokar da ta wajabta auna illar kowane babban aiki kafin a fara shi, a 2007 aka kafa hukumar NESREA. Mai lambun Jakara bai ga bambanci a launin ruwan ba.

Akwai kuma ɓarnar da kuɗin gobe ba ya gyarawa ko an so. Lokacin da farashin zinariya ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara suka riƙa kawo duwatsun ma'adini cikin gida suna daka su a turmi suna niƙawa a injin, ba su san akwai dalma a ciki ba. Kuɗi ya shigo ƙauyukan da ba su taɓa ganin irinsa ba. A 2010 yara kusan 400 suka mutu. An kankare ƙasar gidaje, Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta yi wa dubbai magani, amma yaron da dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa haka zai girma. Iska takan washe idan an daina hayaƙi. Ƙwaƙwalwar yaro, da irin kifin da ya ƙare, da sanin fadama da ke kan dattijon da 'ya'yansa suka watse zuwa birni suna tura baro, ba sa dawowa don an samu kuɗi.

Ba cewa nake a fasa Tiga ba. Miliyoyin mutane sun gina rayuwarsu a kanta, rushe ta zalunci ne sabo a kan tsoho. Abin da masana ruwa suka daɗe suna nema ya fi wannan sauƙi: a riƙa sakin babban ruwa daga Tiga da Chalawa a tsakiyar damina domin fadama ta samu kawowar kogi irin ta da, a kuma rage sakin rani yadda wasu rassan za su bushe kacala ta mutu. An gwada makamancin haka a maƙwabta. A arewacin Kamaru, dam ɗin Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ya busar da fadamar Logone, kifi da makiyaya suka watse. A 1994 aka buɗe wani mashigi da aka toshe, ruwa ya sake malala a wani yanki, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, shanu suka dawo, kuma ba a rushe dam ɗin ba. Mu kuwa ba ma buƙatar aron ƙa'idar daga nesa. Duk almajirin da ya karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya wuce ta kan hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da rafukan Madina: na sama ya sha gwargwado sananne, sannan ya saki ruwa ga na ƙasa da shi. An ba na sama haƙƙin farawa, an kuma sa masa iyaka.

A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya shafa, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, sun haɗu a Damaturu suka kafa asusun kula da shi, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Daga 2014 Bankin Duniya ya ba da rancen kusan dala miliyan 500 domin gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, ciki har da na Kano da na kwarin Haɗeja. An gyara kanal, an yashe wasu hanyoyin ruwa. Sakin ruwan damina domin fadama, a kan ƙa'ida da lokaci sananne da manomin Guri zai iya dogara da shi ya yi shuka, shi ne har yanzu bai zama al'ada ba.

Saura kogi ɗaya da ba a datse ba. Tun da rassan Haɗeja suka toshe, yawancin ruwan da ke isa Gashuwa daga Jama'are yake zuwa. Shi ke shayar da shinkafar Badawa, shi ke kai wa Gaidam, shi ne manoman tattasai na Diffa suke jira a ɗaya gaɓar, mutanen da ba su da ƙuri'a a Najeriya balle a ji ta bakinsu. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar datse shi a Kafin Zaki cikin jihar Bauchi. An fara aikin an tsaya, an sake farawa an sake tsayawa, kuma kusan kowane zaɓe sai an yi alkawarin kammala shi. Mutanen Bauchi suna da hujjarsu, sun ga abin da Kura ta zama, suna son nasu matasan su daina tafiya cin rani. Mutanen Yobe da Borno su ma sun ga abin da Burum Gana ta zama.